Kundin aiki: tsabtace ƙoƙon kan rago, bijimi da zomo don ratayewa (Tawa, 2025)

Asabar, 5 ga Afrilu

Kawuna uku ne a wannan aikin: na ragon Uda mai murɗaɗɗen ƙaho, na bijimin Bororo, sai na zomo da wani mafarauci ya kawo. Biyun farko daga hannun mahauci suka fito, kuma da gangan aka zaɓe su, domin duk wahalar da mutum zai sha a kan naman daji mai ƙaho tana nan a kan rago. Ga kuma doka. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma akwai dabbobin da aka hana taɓawa ɗungum, irin su giwa da raƙumin dawa na Kure. Mai son rataye kan naman daji a zaurensa ya fara biyawa ta wurin ma'aikatan gandun daji.

Tun daga mayanka aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Abin da mahauci ya saba yi wa kai shi ne ya sare ƙahoni da gatari, ya babbake, ya fasa. Wuta tana ƙona ƙaho, tana kuma narkar da kitse ya shige cikin ƙashi, tabon kuwa ba ya fita. Sai an faɗa tun kafin a yanka: "Maigida, don Allah da wuƙa za a cire mini kan nan, ba gatari, ba babbaka." Wuƙar ta bi ta gaɓar da ke tsakanin ƙeya da ƙashin wuya na farko. Idan aka sara, dunƙulallun ƙasusuwa biyu da ke gefen ramin ƙeya su ne suke fara tafiya.

Ba a ɗaukar kan mushe, komai kyawun ƙahonsa. Ciwon saifa yana kama mutum ta fata da jinin dabba, kuma mutanen wannan jiha ba su manta da zazzaɓin kwarin Rift da ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara a 2016 ba. Safar hannu ta roba dole ce.

Yau an feɗe fata, an cire idanu da harshe, an raba muƙamuƙin ƙasa ta hanyar yanke naman kumatu ciki da waje, sannan aka ja shi ƙasa da baya. A kwantar da bakin wuƙa, domin kowane ƙarce zai fito fili bayan ƙashi ya yi fari. Ƙwaƙwalwa ta ramin ƙeya take fita: a lanƙwasa bakin waya, a dama, a zuba ruwa, a girgiza, a zubar, har sau biyar ko shida. Kitse ne da ita sosai, duk abin da aka bari yau sai an biya shi da makonni nan gaba. Kada a jefa wa kare ita. Tsutsar da ke sa tumaki juwa ta cikin kare take kewayowa. An binne ta.

Ƙaho hawa biyu ne: ƙashi a ciki, kube a waje, shi kuben jinsinsa ɗaya da farce da kofato. Tsakaninsu akwai nama mai jini. Wanda bai zare kube ya wanke wurin nan ba, ɗakinsa zai yi ta wari. An yayyafa wa kan ragon ruwa, an ɗaure shi cikin leda biyu, an ajiye a inuwa cikin gangar roba mai murfi, da dutse a kai saboda karnuka. Na bijimin bai shiga leda ba, sai aka naɗe gindin ƙahonin da jiƙaƙƙen tsumma, aka lulluɓe da leda.

Litinin, 7 ga Afrilu

Kan zomo ba ya son a ruɓar da shi a ruwa, balle wuta. Ƙashin gefen hancinsa kamar raga yake, yatsa ma yana fasa shi. Ƙwari aka ba aikinsa, irin baƙin ƙwaron nan da ke cinye busasshen kifi da fatun da ba a jeme ba, wanda masana ke kira Dermestes maculatus. A gindin buhun mai sayar da kifi ake samunsa kyauta. Tsutsarsa mai gashi ita ce mai cin naman, manyan aikinsu ƙwai.

An shanya kan kwana biyu a inuwa ƙarƙashin raga, har naman ya yi kamar kilishin da bai gama bushewa ba. Ɗanye sharaf ƙuda yake kira, wanda ya bushe ƙamas kuma ba sa ci. Gidansu bokitin roba ne mai santsin ciki, da yagaggen kwali a ƙasa, da gidan sauro a baki. Zafin Afrilu ya yi musu yawa, don haka kusa da randa aka ajiye su, an kuma ɗora bokitin cikin faranti mai ruwa saboda cinnaka. A yi nesa da su daga inda ake ajiye fata, kifi ko kilishi. Idan maƙwabcinka baduku ne, wannan hanyar ba taka ba ce.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kuben ragon sun zare a kwana na 5. An bi gindinsu da bakin wuƙa, an bubbuga da guntun itace, sannan aka murɗa ta inda ƙahon ya naɗe. Ƙahon rago ba a fizgarsa a miƙe. A bi murɗinsa kamar ana kwance noti. Na dama ya fito da sauƙi, na hagu sai da aka tsoma shi minti 10 cikin ruwan zafi. An rubuta "dama" da "hagu" a cikinsu da fensir, an wanke da sabulu da buroshin kwalba, an kifa su a inuwa. Ba za su sake ganin ruwa ba. Kube idan ya daɗe a jiƙe yana ɓarewa fallen-fallen, launinsa kuma ya dusashe.

An yanke kan ƙashin ƙahon da zarton ƙarfe, an bar wajen kashi biyu cikin uku. Dalili biyu ne: ruwa ya samu hanyar shiga ciki, kuma kube yana tsukewa idan ya bushe, ba zai koma kan cikakken ƙashi ba.

Daga nan sai ruɓarwa. An nitsar da kan da muƙamuƙinsa cikin lita 15 na ruwan rijiya, a bokitin roba. Ba sabulu, ba gishiri, ba komai. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ake son su hayayyafa. Ruwan famfo yana da maganin da ke kashe su, idan shi ke nan sai a bar shi ya kwana a buɗe. Bokitin ƙarfe tsatsa yake shafa wa ƙashi. Zafin da ake nema digiri 30 zuwa 37.

Za a ce me ya hana a dafa kawai a huta? Ana iya yi, amma ba tafasawa ba. Ruwa ya tsaya wajen digiri 75 zuwa 80, inda yake tururi bai fara ɓulɓula ba, ana tsamo kan ana kankarewa. Tafasa tana tsattsaga haƙora, tana sassauta mahaɗan ƙashi, tana tura kitse ciki. Masu zuba kanwa don nama ya saki da wuri su sani yadda take narkar da wake haka take cin ƙashi. A garin da rana ke aikin murhu kyauta, ba mu ga dalilin ƙona itace ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

An yi kuskure. An bar bokitin inda ranar la'asar ke dukansa, ma'aunin zafi ya nuna digiri 49 a cikin ruwan. Alamar ita ce warin ya ragu, kumfar saman ta kwanta, naman ya yi tauri ya koma toka-toka. Ƙwayoyin sun mutu, nama ya fara dahuwa maimakon ruɓa. An zubar da rabin ruwan, an cika da sabo, an jefa guntun ɗanyen nama don a sake tayar da su, an mayar da bokitin ƙarƙashin rumfa an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Yanzu yana tsakanin 33 da 36. Shawarwarin da ake gani daga Turai da Amurka duk kan yadda za a ɗumama ruwa suke. A Tawa da bazara sanyaya shi ne aikin.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kuben bijimin sun fito bayan kwana 11, sai da mutum biyu suka riƙe. A nan akwai abin lura: ƙashin ƙahon sa rami ne da shi, kuma ramin a haɗe yake da kogon goshi. Da aka yanke kansa aka zuba ruwa, ta hanci ya fito, da gudajin jini. Ba bokitin da zai ɗauke shi, sai aka raba gangar roba gida biyu, aka kwantar da shi cikin lita 60.

Ruwan ruɓa ba a zubar da shi a kwata. Rami ake haƙawa, a zuba ta cikin rariya, a rufe da toka da ƙasa. Rariyar ba ado ba ce, haƙora take tarewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zomo ya fito, kwana 12. An cire shi da ɗan sauran jijiya a ƙeya, domin idan nama ya ƙare musu siraran ƙasusuwa suke komawa ci. An saka shi cikin firiza kwana 3 don kashe tsutsar da ta ɓuya cikin hanci. Haƙoransa 28 duk suna nan, har da ƴan ƙanana biyun da ke ɓoye bayan manyan haƙoran gaba na sama.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kan ragon ya tsabtata, kwana 15 da shiga ruwa. Ba don kuskuren ranar 13 ba da bai kai haka ba. Naman yana zamewa da zuba ruwa kawai. An wanke da tsohon buroshin haƙori, an bi ramukan jijiyoyi da tsinke da sirinji. Cikin hanci akwai naɗaɗɗun ƙasusuwa sirara kamar takarda, su ne kyawun ƙoƙon idan an leƙa ta gaba. Ba a cusa musu waya, ruwa kawai ake bi da shi a hankali. Daga nan tsutsotsin hanci uku suka faɗo, farare masu kauri, irin waɗanda ke sa tumaki atishawa da majina. Ba abin damuwa ba ne.

Haƙora kuwa sun zube. Rago yana da 32, takwas na gaba duk a ƙasa suke, sama dasashi ne kawai. Takwas ɗin nan su ne masu saurin ɓata, kuma an samu bakwai. Ɗaya ya bi ruwan ranar 13, da ba a tace ba. An jera sauran a kan kwali da gam mai ɗanko bi da bi, domin bayan mako huɗu ba wanda zai tuna gurbin kowanne. Muƙamuƙin ya rabu biyu a haɓa, haka yake yi. Ƙashin doron hanci guda ɗaya ma ya saki. Huɗu daga haƙoran gaban manya ne, wato ragon bai wuce shekara biyu da wani abu ba, mahaɗan kansa ba su gama haɗewa ba. Mai neman ƙoƙon da ba zai wargaje ba ya nemi tsohon rago mai cikakken baki.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yanzu aka zo ainihin aikin, cire maiƙo. Yawancin ƙoƙunan da ake gani sun yi rawaya a bango, ba maganin fari ne ya gaza ba, maiƙo aka bari a ciki. Ƙashi yana da ƙananan ƙofofi cike da kitse. Ana iya faranta samansa yau, bayan wata uku zafi ya narko da na ciki ya fito kamar tabon mai a riga. Tumaki kuma sun fi kowa wannan hali.

Kitsen tunkiya sai wajen digiri 45 zuwa 50 yake narkewa, shi ya sa yake daskarewa a baki idan miya ta huce. Ruwan sanyi ba zai motsa shi ba. Ranar da ta ɓata aiki makonni biyu da suka wuce ita ake nema yanzu. An koma da baƙin bokiti tsakiyar fili, da murfi, ruwa lita 12, sabulun ruwa na wanke kwanuka cokali 6 manya. Daga azahar zuwa la'asar ruwan yana kaiwa 47 zuwa 50. A zaɓi sabulu marar kala, domin mai kore ko shuɗi yana iya rina ƙashi. Garin sabulun wanki kuma a karanta jikin ledarsa, wasu akwai sinadarin faranta tufa a ciki.

An huda ramuka biyu na milimita 3 a cikin kowane ɓangaren muƙamuƙi, ta gefen da ba a gani, don ɓargo ya samu mafita. Ana sauya ruwa duk kwana biyu, ko da zarar ya yi fari kamar tsinkakken nono.

Asabar, 10 ga Mayu

Sauyin ruwa na bakwai. Har yanzu da safe akwai fararen ɗigon kitse a sama. Bijimin ya fito daga ruɓa tun ranar 4 ga wata, shi ma ya shiga sabulu, cokali 25 a lita 60. Zomo kwana 6 kawai ya yi a ruwan sabulu mai ɗumi, ya gama.

Lahadi, 18 ga Mayu

Saboda yawan masu cewa ruwan jabel, wato sinadarin faranta tufa, ya fi sauri wajen faranta ƙashi, an gwada a kan ƙashin ƙafar akuya da ba a buƙata. Awa 6 cikin jabel da aka sirka rabi da rabi, ya fito fari tas. Bayan ya bushe, da aka murza da yatsa sai gari kamar alli, gefensa kuma ya fara ɓarewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙashi wani abu ne mai danƙo da ke riƙe da sauran, jabel kuma shi yake narkarwa, ya bar ƙasa zalla. Ɓarnar ba ta tsayawa ranar da aka tsamo shi, kuma ba ta da gyara. Wanda ke amfani da amoniya wajen cire maiƙo kada ya kuskura ya haɗa ta da jabel, hayaƙin guba ne.

An tsamo ragon an shanya kwana biyu a inuwa don gwaji, domin jiƙaƙƙen ƙashi ba ya nuna gaskiyarsa. Goshi da hanci sun yi fes. A ƙeya, da gindin ƙahon hagu, da kusurwar muƙamuƙi akwai wurare masu duhu, kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Ya koma ruwa.

Litinin, 26 ga Mayu

Gwaji na biyu ba tabo. Kwana 29 ke nan da fara saka shi a sabulu. An ɗauraye, an jiƙa kwana ɗaya a ruwa zalla don sabulu ya fita.

Abin faranta ƙashi shi ne ruwan oksijene, wanda ake wanke rauni da shi. Na farmasi mai lamba 10 ƙarfinsa kashi 3 cikin 100 ne. Akwai kuma mai kauri da masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi: lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kashi 12. Zafi da haske suna kashe shi, kwalbar da ta daɗe a kanti tana iya zama ruwa kawai. Gwajin ba wuya: a ɗiga a kan ɗanyar hanta ko yankakken dankalin turawa, idan bai yi kumfa nan take ba ya mutu.

Zomo ya shiga na farmasi cikin kofin roba, awa 12. Rago zai ci kwalabe da yawa idan za a nitsar da shi, don haka mai lamba 40 aka shafa masa da buroshin fenti, kauri kamar man shafawa, aka naɗe da leda don kada ya bushe, aka ajiye a ɗaki awa 18. Cikin hanci da ramin ƙwaƙwalwa na farmasi aka fesa da sirinji. Mai lamba 40 yana ƙona fata, ya bar farin tabo mai raɗaɗi, ido kuwa ba a magana. Safar hannu da tabarau. Mazubin ya zama roba, domin ƙarfe yana kashe maganin, kuma kada a toshe murfi gam, iskar da yake fitarwa tana iya fasa shi. Ko ɗigo kada ya taɓa kuben ƙaho, zai koɗe.

Alhamis, 29 ga Mayu

An wanke, an shanya a inuwa. Awa biyu na ranar hantsi ya isa. Wadda ta wuce haka a wannan iskar tana tsaga turamen haƙori. Launin ya fito kamar hauren giwa, ba farin takarda ba. A nan muka tsaya. Zagaye na biyu zai ƙara fari, amma ƙoƙon sai ya koma kamar na roba, layukan mahaɗan ƙashi su ɓace wa ido.

Litinin, 2 ga Yuni

Haɗawa. Haƙora da farin gam na kafinta aka mayar da su, ɗigo ɗaya a saiwa da bakin tsinke. Amfaninsa idan an yi kuskure ruwan ɗumi yana kwance shi. Wajen haɗa muƙamuƙi akwai dabara: a shafa gam a haɓa, a ɗora ƙoƙon a kansa tun gam bai kama ba, turame su hau kan turame, sannan a ɗaure da roba. Idan aka haɗa shi shi kaɗai, ko ya buɗe da yawa ko ya tsuke. Gurbin haƙorin da ya ɓata haka aka bar shi.

Kube sun ɗan tsuke kamar yadda aka zata, an goge ƙashin hagu da sanfefa har ya zauna. An barbaɗa garin boras a cikinsu saboda ƙwari, aka kafa su da gam ɗin Araldite, ana duban kan ta gaba don tsinin biyu su daidaita. A waje an shafa ɗan man shafawa na jarirai marar ƙamshi da tsumma. Ban da man gyaɗa, yana hamami kuma yana kiran tururuwa. Berni na kafintoci rawaya yake yi da shekaru. Gidajen tarihi wani gam mai suna Paraloid B-72 suke narkawa cikin aseton, ruwan goge jan farce, su shafa. Da ba a same shi ba, farin gam aka tsinka da ruwa, ɗaya da uku, shafa ɗaya siririya don ƙurar hunturu ta riƙa goguwa. Ratayewa da waya ce ta cikin ramin ƙeya zuwa allon katako, ba a huda goshi ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Bijimin ya cika wata guda a sabulu, gwajin bushewa ya nuna maiƙo a duk faɗin ƙeya da gindin ƙahoni biyu. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, ruwan gangar jiya bai wuce digiri 41 ba. Daga gobe za a riƙa ƙara tukunya ɗaya ta ruwan zafi da azahar don a kai shi 48, an kuma huda ramuka huɗu na milimita 4 a ƙarƙashin ƙeya. Gwaji na gaba sai bayan Layya, ranar 18 ga wata.